Mako Goma a Ɗakin Binciken Turai, ko Damina Guda a Samaru?

Gardamar ta tashi ne a shagon yayana da ke Sabon Garin Zariya, inda yake sayar da kayan injin ban ruwa da na niƙa. Ɗansa na biyu, wanda ke aji uku a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya shigo da waya a hannu yana nuna masa wata sanarwa. Wata jami'a ce a Turai take neman ɗaliban da ba su gama digirin farko ba, su je su yi mako goma suna aikin bincike a hannun wani farfesa, masauki da abinci a wuyanta. Uban ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce, "To, in ka je ka dawo, me za ka iya gyarawa wanda ba ka iyawa yau?" Yaron ya sunkuyar da kai. Sai aka juyo kaina: "Kai da ka yi boko, raba mana gardama."

Ban raba ba a ranar, domin na ga kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Na kuma lura cewa ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Uban yana tunanin koyon sana'a ne, irin wanda ya sani, yaro ya zauna gaban ubangidansa har hannunsa ya faɗa. Ɗan kuwa wani abu yake nufi daban, wanda bai iya bayyana shi ba.

Koyon aikin da ɗalibin injiniya na Samaru ya saba da shi shi ne SIWES, wanda su ɗaliban suka fi kira "ai-ti". Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF mai hedikwata a Jos, shi ya ƙirƙiro shirin a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa ana turo musu masu digiri da ba su taɓa riƙe sifana ba. Ɗalibi yakan bar aji wata shida a shekararsa ta huɗu, ya tare a wani kamfani ko ma'aikata, yana rubuta abin da ya yi kullum a littafin da za a sa masa hannu. Manufar ita ce ya ga yadda ake aikin da an riga an san yadda ake yin sa. Shirin da ɗan yayana ya gano kuwa, a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, kuma tambaya ake ba ka wadda shi kansa farfesan bai san amsarta ba. Cibiyar CERN da ke Janeba tana karɓar ɗalibai irin wannan duk shekara, har da na ƙasashen da ba mambobinta ba kamar Nijeriya. Jami'ar Caltech a Amurka tana da nata shirin na mako goma tun 1979. EPFL da ke Lozan a Suwizalan tana da na injiniyoyi, KAUST da ke Suwal kusa da Jidda ita ma tana gayyatar ɗalibai baƙi na 'yan watanni. Akwai kuma ƙungiyar IAESTE da aka kafa a Landan a 1948, wadda aikinta musayar ɗaliban fasaha ne tsakanin ƙasashe.

Masu cewa a je, hujjarsu ta farko ita ce gani ya kori ji. Yaro zai iya shekara uku yana zana na'ura a takarda, ya haddace lissafinta, ya ci jarabawarta, bai taɓa kunna ta da hannunsa ba. Ba don malamansa ba su sani ba. Aji ne ya cika maƙil, na'urar guda ɗaya ce in ma tana aiki, wuta kuma sai ta ga dama. A irin wancan ɗakin gwajin kuwa, ranar farko za a miƙa masa katin buɗe ƙofa, a nuna masa teburinsa, a ce ga na'urar nan, in ka ɓata ka faɗa. Wannan amanar kaɗai tana sauya yadda matashi yake kallon kansa.

Amma ba na'urar ba ce babbar riba, a ganina. Babbar ribar ita ce ɗalibi ya ga yadda masana ke zama da rashin sani ba tare da jin kunya ba. Karatunmu tun daga firamare ya ginu ne a kan cewa kowace tambaya tana da amsa a bayan littafi, wanda ya kawo ta ya ci, wanda ya ce bai sani ba ya sha bulala. Bincike kuwa akasin haka ne. Sai ka yi mako uku kana gwada abu yana ƙin yi, ka rubuta yadda ya ƙi da dalilin da kake zato, ka tsaya gaban mutane ka faɗa, babu wanda zai yi maka dariya, sai ma a tambaye ka me za ka sauya gobe. Wanda ya ɗanɗana wannan yana da shekara ashirin da ɗaya, furojet ɗinsa na aji biyar ba zai zama kwashe-kwashen rubutun waɗanda suka gabata ba. Duk wanda ya taɓa zama a shagunan buga takardu na Samaru a ƙarshen zango ya san abin da nake nufi.

Sai maganar wasiƙa. Neman gurbin digiri na biyu ko na uku da tallafi a waje ya dogara ƙwarai a kan wanda ya shaide ka. Farfesan da ya ga aikinka mako goma, wanda kuma masu zaɓen suka san sunansa, shaidarsa tana buɗe ƙofar da maki kaɗai ba ya buɗewa. Wannan ba adalci ba ne, amma haka duniyar take tafiya, kuma ɗan talakan da ba shi da kowa a sama ya fi kowa buƙatar irin wannan shaida.

Masu wannan ra'ayi suna kuma tuna mana cewa ita kanta Samaru ba a rufe ta ginu ba. Koyar da injiniya a nan ya girmi jami'ar, domin tun zamanin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ake yin sa, kafin a buɗe jami'ar a watan Oktoban 1962. Malaman farko daga ƙasashe daban-daban suka zo, na gida kuma aka riƙa tura su Ingila da Amurka su ƙaro ilimi su dawo. A 'yan shekarun nan ma jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Central South ta ƙasar Sin, inda ɗaliban injiniya ke yin shekara uku a Zariya, biyu a can, don koyon aikin jirgin ƙasa. In an yarda da shekara biyu, me ya sa mako goma zai zama abin tsoro?

Suna da hujja ta ƙarshe wadda take da ɗaci, ita ce halin da koyon aikin gida ya shiga. An tsara SIWES ne a lokacin da Arewa ke da masana'antu. Kakuri a Kaduna cike take da masaƙu, kamfanin Peugeot na harhaɗa motoci, matatar mai ta fara aiki a 1980, ma'aikatar jirgin ƙasa ta Zariya kuma tana da rai. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, sauran kuma kowa ya san labarinsu. Yawan ɗalibai ya ninka, wuraren da za su je sun ragu. Na san wani yaron unguwarmu da ya yi watanninsa shida a wani ofis, aikinsa sayo wa manya abincin rana da ɗaukar hoton takardu, ranar Juma'a ya zauna ya cike littafinsa da ayyukan da bai yi ba, a buga masa hatimi. Alawus ɗin da aka yanka wa ɗalibi kuwa, naira 2,500 a wata, shekara da shekaru ya tsaya cak, ba ya ko kai shi kuɗin mota na mako. Wanda ya ga wannan, da wuya ya hana yaro tafiya inda za a sa shi aiki na gaske.

To amma yayana ba jahili ba ne, kuma ba shi kaɗai ne mai shakka ba. Har cikin malaman jami'a akwai masu kallon abin da gefen ido.

Matsala ta farko a cikin sunan take. Turawa suna kiran shirin da sunan lokacin zafinsu, wanda muke fassarawa da bazara. Bazararmu kuwa daga Maris ce zuwa Mayu. Tasu, Yuni zuwa Agusta, tsakiyar daminarmu ce, lokacin da manoman Bomo da Shika da Hayin Dogo ke cikin noma da sa taki. A can jami'o'i suna dogon hutu a daidai wannan lokaci, kuma ranar hutun sananniya ce tun shekara biyu kafin ta zo. A nan kuwa kalanda ba ta da tabbas. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma kowane yajin aiki yakan ture zangunan da ke bayansa. Ɗalibin da aka tambaya a watan Janairu ko zai samu sarari a watan Yuli, ba shi da amsar da zai rantse a kai. Yana iya samun gurbin, ya tarar jarabawarsa ta faɗo tsakiyar tafiyar. In ya tafi ya rasa zango, rasa zango a kwas ɗin shekara biyar kuwa kan jawo ƙarin shekara guda. Mako goma bai kai a ba da shekara a kansa ba, musamman ga gidan da ake ƙirga ranar da yaro zai gama ya fara tallafa wa ƙannensa.

Na biyu, kalmar "kyauta" tana da wutsiya. Kafin a kai ga alawus akwai fasfo, da takardar sakamako, da kuɗin biza wanda na ƙasashen Shengen ya koma yuro 90 tun 2024, da zirga-zirgar Abuja ko Legas, wani lokaci da tikitin jirgin da sai ka saya da kuɗinka kafin a mayar maka. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, waɗannan kuɗaɗen sun zama jarin ƙaramin shago. Kuma ana iya kashe su duka ofishin jakadanci ya ce bai gamsu za ka dawo ba. Saboda haka, in ba a yi hattara ba, shirin da aka ce don mai hazaƙa ne sai ya koma na mai hazaƙar da ubansa ke da hali. Ɗan da ke komawa gona duk damina don ya haɗa kuɗin rajista, shi ko sanarwar ma ba ta iske shi ba.

Ƙofofin ma ba su kai yawan da ake zato ba. Shirin REU na Amurka, wanda ya fi kowanne girma a can, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. RISE na Jamus ɗaliban jami'o'in Amurka ta Arewa da Birtaniya da Ayalan yake ɗauka. Waɗanda suka buɗe wa kowa, duniya ce gaba ɗaya ke rububinsu, daga Indiya har Burazil. A cikin wannan ƙuncin ne 'yan damfara suka samu kasuwa, suna tura wasiƙun gayyata na bogi suna neman kuɗin rajista. Shirin gaske daga shafin jami'ar kanta ake nemansa, ba ya bi ta hannun dillali.

Ga 'ya mace kuma akwai ƙarin hawa. Iyaye da yawa ba za su bar budurwa ta yi wata biyu ita kaɗai a garin da ba su san kowa ba, kuma ba na ganin daidai ne a kira wannan duhun kai a wuce. Tambayoyinsu na gaske ne: ina za ta kwana, me za ta ci, wa zai tsaya mata. Wasu sukan fi sakin jiki in aka ce Saudiyya ce. Waɗanda ba su samu amsa ba, 'yarsu ta zauna, ko da ita ce ta ɗaya a ajinsu.

Amma hujjar da ta fi nauyi ita ce wadda yayana ya fara da ita, ko da yake da harshen kasuwa ya faɗe ta. Tambayar da za a ba yaro a can tambayarsu ce, ta taso daga buƙatarsu da kuɗinsu. Zai iya ƙwarewa a kan na'urar da babu irinta ko ɗaya a Nijeriya, ya dawo ya tarar ba shi da inda zai ɗora abin da ya koyo. Daga nan zuciya takan fara karkata. Su ma masu shirin ba su ɓoye ba, da yawansu hanya ce ta tantance waɗanda za su ɗauka digiri na uku. Ke nan Samaru ta yi wahalar shekara uku tana raino, wani ya zo ya tsince nunannun. Mun ga yadda asibitocinmu suka zube likitoci, ba ma fatan haka ga injiniyoyi. A gefe guda kuma ga tambayoyinmu zube ba mai ɗauka: injin ban ruwan da ke ƙonewa duk rani a fadama, tumatirin da ke ruɓewa a gefen hanya lokacin kaka, batirin sola da zafi ke kashewa kafin ya cika shekara biyu, yashin da ke cike madatsar Kubanni. Babu farfesan Lozan da zai kwana da tunanin waɗannan.

A nan ne na ga duka ɓangarorin biyu sun tsallake wani abu da ke gaban idonsu. Ana magana kamar zaɓin biyu ne kawai, ko ɗakin binciken Turai ko sayo abincin rana a ofis. Alhali da wuya a samu gari a Afirka ta Yamma da aka tara wa cibiyoyin bincike kamar Zariya. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, wadda tushenta ya koma 1922, inda aka fitar da irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA, kuma tana da sashen ƙera injinan noma. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi, CERT, mai tukunyar nukiliya ta bincike ɗaya tilo a ƙasar nan, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi a 2018 tare da masana daga waje. Yaron da ke mafarkin Janeba yana wuce wannan a keke bai taɓa neman shiga ba. A Basawa ga NARICT mai binciken sinadarai da NITT ta fasahar sufuri, ga cibiyar fasahar fata a Samaru, ga NAPRI mai binciken kiwon dabbobi a Shika, ga kwalejin jiragen sama da aka kafa a 1964. Sannan ga Sabon Gari kanta, garin da jirgin ƙasa ya haifa, inda masu walda da masu sake naɗa wayar injin ke warware matsalolin da babu su a littafi, sai dai ba mai auna abin da suka yi balle ya rubuta.

Abin da ya sa shirin Turawa ke aiki ba tsadar na'ura ba ce kawai. Tsari ne mai sauƙi: tambaya guda ƙarama, malami guda da ya yarda zai zauna da kai duk mako, lokaci ƙayyadadde, ɗan kuɗin da zai hana ka tunanin abinci, da ranar da za ka tsaya ka bayyana abin da ka samu. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar biza. Gaskiya ne ɗalibai suna zuwa waɗannan cibiyoyi yin ai-ti, amma zuwa a jira a sa maka hannu daban, a damƙa maka tambaya daban. Da asusun gwamnati irin TETFund ko PTDF, ko tsofaffin ɗaliban tsangayar injiniya, za su ɗauki nauyin ɗalibai ko da talatin duk shekara a kan wannan tsari, kuɗin ba zai kai na tura su waje ba. Har ma a iya gayyato na Maraɗi da Damagaram da Tamale, mu ma mu zama masu karɓar baƙi.

Wannan ba yana nufin na goyi bayan a hana tafiya ba. Tsoron kada yaro ya ƙi dawowa ba dalili ba ne na rufe masa ido, domin wanda zai gudu zai gudu ko bai yi mako goman ba, kuma abin da ke riƙe injiniya a gida aiki ne da albashi, ba rashin fasfo ba. Hujjar kalanda da ta kuɗi ce na ɗauka da muhimmanci. In shirin ya ɗauki nauyin komai a rubuce, in sashe ya amince a rubuce cewa ba za a rasa zango ba, ko ma a lissafa makonnin cikin watannin ai-ti, to ban ga dalilin zama ba. In kuwa sai an sayar da gona ko an ci bashi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma wanda ya tafi da tambayar gida a ransa ya fi wanda ya tafi hannu rabbana amfana, domin shi ya san abin da yake nema a cikin abin da ake nuna masa.

Da na koma shagon bayan mako biyu, na faɗa musu haka. Na ce wa yaron ba a fafe gora ranar tafiya: yawancin shirye-shiryen nan tsakanin Nuwamba da Fabrairu suke rufe karɓar takardu, CERN ma tana son wanda ya kammala shekara uku a jami'a, don haka ya fara neman malamin da zai san shi da aiki tun yanzu, ba da suna a takardar jarabawa kawai ba. Ya ce, "Baffa, ai malaman ba su da lokacinmu." Na tambaye shi ko ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ɗaya daga cikinsu da wata tambaya da ba ta maki ba. Ya yi murmushi bai amsa ba.

Uban bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo wani injin ban ruwa mai aiki da sola, na uku ke nan da manoma suka dawo masa da shi a ranin nan, duk wuri ɗaya suke ƙonewa. Ya ajiye shi gaban ɗansa ya ce, "Kafin Turawan su amsa maka, gano mini abin da ke cin wannan." Yaron ya juya shi, ya duba, ya nemi a ara masa sukundireba.